Na Je Garin Mutumin da Ya Zana Tela

Bayan sallar asuba muka fito, ni da ɗan gwaggona da ke aiki a wata masana'antar ƙarfe a gefen Brescia, a arewacin Italiya. Watan Oktoba ne na 2024, sanyi ya fara sauka, hazo ya kwanta a kan gonaki har ba ka hango ƙarshen layin dogo. Hutun yini guda ya ɗauka saboda ni, amma har muka zauna a cikin jirgin ƙasa bai daina tambaya ba.

"Yanzu don Allah, Yaya, ga Rum, ga Venis, ga kasuwannin Milan, duk ka tsallake sai Bergamo? Me aka ajiye maka a can?"

Na ce masa garin wani mai zanen hotunan mutane nake son gani, wanda ya rasu fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ya dube ni, ya gyara zaman hularsa, ya ce to Allah ya sa a dace.

Dalilin tafiyar ya daɗe a raina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a Fagge, ya yi wajen shekara arba'in a kan keke. Hotonsa ɗaya ne tak a gidanmu, na fasfo, wanda ya ɗauka da zai tafi aikin Hajji. Ba ya son hoto, yana ganin abu ne da ya kamata Musulmi ya yi taka-tsantsan da shi, kuma ban taɓa ganin laifinsa a kan haka ba. Sai dai mutumin da ke cikin hoton fasfon nan, mai ɗaure da fuska, ba shi ne wanda na tashi ina gani ba. Wanda na sani shi ne wanda in mai ɗinki ya yi sallama a bakin shago zai ɗago kai ya ɗan karkatar da shi gefe, almakashi na hannunsa, ya auna mutum da ido tun kafin ya jawo tef. Wannan kallon na ɗauka ya bi shi kabari.

Shekarun baya, ina karatu a Ingila, na shiga gidan zane-zanen da ake kira National Gallery a Landan, tunda shiga kyauta ce. A wani ɗaki na ci karo da kallon nan a jikin wani zane. Wani mutum a tsaye bayan teburi, da riga mai ruwan madara da ta kama jikinsa, da jan wando mai kumbura irin na zamaninsu, da ɗan zobe a ƙaramin yatsa. Hannunsa na dama riƙe da almakashi, na hagu ya kama gefen baƙin yadi da aka yi wa layi da alli. Ya ɗago kai, ya karkatar da shi, yana kallona. Na fi rabin awa a gabansa. Rubutun da ke gefe ya ce Giovanni Battista Moroni ne ya zana shi, wajen 1570. Tun ranar na yi wa kaina alkawari in Allah ya kai ni Italiya sai na je na ga inda wannan mutum ya fito.

Tafiyar daga Brescia zuwa Bergamo kusan awa ɗaya ce. Bergamo gari biyu ne a haɗe, na ƙasa mai faffaɗan tituna da shaguna, da tsohon gari da ke kan tudu. Muka hau wani ɗan taragon da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda ke kai mutane sama tun 1887, ya ratsa da mu ta jikin ganuwa. Ganuwar nan mahukuntan Venis ne suka fara gina ta a 1561, lokacin Bergamo na ƙarƙashinsu, aka gama a 1588. Don a samar mata hanya sai da aka rushe gidaje da majami'u da dama. Moroni na raye aka fara aikin, ke nan ya ga ƙurar da idonsa. Yau tana nan tsaye cif, ana share ta, ana kula da ita, tun 2017 tana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Na tsaya a kanta ina kallon garin ƙasa, zuciyata na kan badalar Kano da yadda muka zuba ido ana yashe ta ana ɗibar ƙasarta.

A wani ɗan shagon shayi kusa da dandalin Piazza Vecchia, mai shagon ya tambaye mu daga ina. Da ya ji Najeriya sai ya ɗaga yatsu uku sama yana kiran sunan Lookman. Ƙwallaye ukun da Ademola Lookman ya ci wa Atalanta, ƙungiyar garin, a wasan ƙarshe na gasar Europa a watan Mayun shekarar yake nufi. Ɗan gwaggona ya washe baki, ya ce yanzu ya ga amfanin zuwa.

Moroni ba ɗan cikin birnin ba ne. A Albino aka haife shi, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Serio, a farkon shekarun 1520. Mahaifinsa a harkar gini yake. Ya koyi aiki a Brescia a hannun wani gwani da ake wa laƙabi da Moretto, sannan ya yi aiki a Trento a daidai lokacin da manyan malaman cocin Katolika ke babban taronsu a can. Da ya dawo yankinsu a shekarun 1550 sai ya zama mai zanen manyan Bergamo, masu takobi da 'ya'yan sarauta.

Irin waɗannan manya na fara gani a gidan da ake kira Palazzo Moroni, a kan titin Porta Dipinta. Gidan wasu attajirai ne masu wannan suna, an gina shi a ƙarni na 17, bayan mai zanen ya rasu. A ciki akwai hoton wani saurayi ɗan babban gida, Gian Gerolamo Grumelli, wanda aka zana a 1560. Tun daga wuya har ƙafa siliki ne mai ruwan hoda, an bi shi da aikin zaren azurfa, ga takobi a ƙugu. Na matsa kusa iyakar inda aka yarda a tsaya. Ɗan tela ba ya iya kallon kaya bai nemi inda aka haɗa ɗinki ba, kuma na same shi. Inda yadin ya tattare a gwiwa, inda haske ya zame a kan cinya, inda safa ta ɗan saki, duk suna nan. Wanda ya zana wannan ya san nauyin siliki a hannu. Kusa da shi akwai Isotta Brembati, marubuciyar waƙoƙi, wadda daga baya ta zama matarsa, tana zaune cikin koren yadi mai zanen gwal, da mafici na gashin tsuntsu a hannunta. Kayan jikinta na gimbiya ne, amma fuskar ba a yi mata kwaskwarima ba ko kaɗan. Kumatunta da jan da ke kansu, da kallon mace mai kaifin basira da ta ɗan gaji da zama, haka ya bar su.

Ɗan gwaggona, wanda tun shigowarmu yake danna waya, ya zo ya tsaya a bayana. Can ya ce, "Yaya, wannan matar kamar za ta yi magana." Na ce masa mutanen zamanin ma abin da suka faɗa ke nan.

Wannan zama na jin daɗi bai ɗore ba. Manyan gidaje biyu na garin, Albani da Brembati, sun daɗe suna gaba, kuma dukansu Moroni ya yi wa 'ya'yansu zane. A 1563 aka shirya sulhu a babbar majami'ar Santa Maria Maggiore, sai aka kashe Achille Brembati a cikin majami'ar, ana tsakiyar ibada. Hukumar Venis ta hukunta gidan Albani, aka kori babbansu daga ƙasar. Na shiga majami'ar, na cire hulata don girmama masu wurin, na tsaya daga baya-baya. Ko'ina ado ne, rufi da bango, har ido ya rasa inda zai sauka. Na yi ta tunanin yadda za a kira mutum sulhu a ɗakin ibada a zubar da jininsa. Masana da yawa suna danganta komawar Moroni garinsu da wannan rikici da sauyin da ya biyo bayansa. A shekarun 1560 ya tattara ya koma Albino, kuma a can ya yi yawancin sauran rayuwarsa.

Da rana muka nemi abinci. Taliyar garin da ake yabo, casoncelli, yawanci da naman alade ake cusa ta, don haka muka kauce mata. Aka kawo mana polenta, wadda ba ta da maraba da tuwon masara sai dai laushi, da narkakken cuku a kai. Ɗan gwaggona ya ce da za a samu miyar kuka da an gama magana. Muka samu wani lungu a wani lambu muka haɗa azahar da la'asar, sannan muka gangara da ƙafa zuwa Accademia Carrara, gidan zanen da wani mai kuɗin garin, Giacomo Carrara, ya bar wa jama'a da ya rasu a 1796.

A nan na ga Moronin da na zo nema. Bayan ya koma gida, waɗanda ke zama a gabansa mutanen yankinsu ne, 'yan kasuwar ulu, da limaman coci, da masu aikin shari'a, da tsofaffi. Ruwan hoda da azurfa sun ragu, yawancinsu baƙaƙen kaya ne a jikinsu, kamar yadda yayin zamanin ya koma. Bayansu kuma bango ne kawai mai ruwan toka, ba abin da zai ɗauke maka hankali daga mutumin.

Baƙin nan ya daɗe yana riƙe da ni. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata, ko ya ga an baje baƙaƙen yadudduka a Kantin Kwari, ya san baƙi ba ɗaya ba ne. Akwai mai sheƙi, akwai mai shanye haske, akwai wanda in ka karkata shi sai ka ga shuɗi a ƙarƙashinsa. Babana yakan ƙi yanka baƙin yadi da daddare, ya ce ido na yaudarar mutum. A hoton Bernardo Spini, ɗan wani gidan masu harkar ulu a Albino, wanda aka zana a tsaye daga kai har ƙafa, na ƙirga baƙi iri uku a jikin mutum ɗaya, kowanne da yadda yake karɓar haske. Matarsa, Pace Rivola Spini, tana gefensa cikin jar riga da baƙa a sama. Ba 'yan sarautar birni ba ne, mutanen ƙaramin gari ne masu rufin asiri, amma an ba su tsayuwa irin ta sarakuna.

Akwai wani tsoho mai gemu a zaune a kujera, da littafi a hannu, ya sa yatsa a tsakanin shafuka kada ya ɓatar da inda ya tsaya. Ya juyo yana dubanka kamar ka katse masa karatu, yana jira ka faɗi abin da ya kawo ka. Sau nawa na ga wannan a zauren malamai, ka yi sallama, malam ya sa yatsa a cikin littafi ya ɗago. Sai kuma wata 'yar yarinya ta gidan Redetti, ƙaramin hoto ne, bai kai faɗin faranti biyu ba. An yi mata ado da yadi mai gwal, da lu'ulu'u a wuya da gashi, da murjani a hannu, yatsunta na wasa da sarƙar. Fuskar kuwa ta yarinyar da aka ce ta zauna kada ta motsa ce, tana daurewa, idanunta na kan mai zanen. Ya kalle ta da natsuwar da ya kalli mai takobi, bai rage mata komai ba don tana ƙarama.

Masana sun ce da mutumin a zaune a gabansa yake aiki, kai tsaye, abin da ido ya gani shi hannu ke sawa. A zamanin da ake so mai zane ya ƙara wa babban mutum kwarjini, ya rage masa shekaru, ya gyara masa hanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma jawo masa rashi. Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin manyan masu zanen Italiya a ƙarnin, bai ko ambaci sunansa ba. Daga baya wasu hotunansa aka riƙa jingina su ga Titian, babban gwanin Venis. Akwai ɗaya a Washington da har yau ake kiransa malamin Titian, alhali aikin Moroni ne. Wani marubuci, Carlo Ridolfi, ya kawo labari a 1648 cewa Titian da kansa yakan shawarci jami'an Venis da aka tura aiki Bergamo su je wurin Moroni, don shi yake fitar da mutum yadda yake. A farkon ƙarni na 20 kuma wani mashahurin mai sharhi, Bernard Berenson, ya rage masa daraja, yana ganin iyakarsa kwafar fuska, ba shi da ƙirƙira.

Ban yarda da wannan hukunci ba. Kwafar fuska kyamarar gidan hoto ma tana yi, ita ce ta ba mu hoton fasfon babana. Sanin daƙiƙar da za ka kama mutum a cikinta, lokacin da ya sa yatsa a littafi ko ya ɗago daga yanka, wannan sai wanda ya zauna da mutane ya daɗe yana lura da su, yana kuma ganin girmansu. Wani masanin Italiya, Roberto Longhi, ya tsaya a kan haka. A baje kolin da ya shirya a Milan a 1953 ya sa Moroni a sahun gaba na masu zanen yankin Lombardiya, inda Bergamo take, waɗanda suka riƙe gaskiyar abin da ido ke gani, hanyar da ake ganin shahararren mai zane Caravaggio ya taso a kanta. Tun daga nan sunansa ke ƙara fitowa. An yi masa babban baje koli a Landan a 2014, a New York a 2019, sannan a Milan a ƙarshen 2023.

Telan kansa ba ya Bergamo, na san da haka tun kafin na taso. A ƙarni na 17 yana gidan Grimani a Venis, inda wani marubuci, Marco Boschini, ya yabe shi a 1660, ya ce telan nan ya fi kowane lauya iya magana. A 1862 gidan zanen Landan ya saye shi. Har yau ana muhawara a kansa, wasu na cewa kayan jikinsa sun yi wa tela tsada, wataƙila mai sayar da yadi ne. Ni dai na ga layin alli a kan yadin, na ga yadda ya riƙe almakashin, kuma na san tela ba ya fita da ɗinkin banza, don rigar jikinsa ita ce tallarsa.

La'asar sakaliya muka hau ƙaramin jirgin da ke tashi daga tashar Bergamo zuwa Albino, tafiyar kamar rabin awa. Ya bi da mu ta Alzano da Nembro. Da aka kira sunan Nembro ɗan gwaggona ya yi shiru, sannan ya ce a nan cutar korona ta yi ɓarna a watan Maris na 2020, yana ƙasar a lokacin, yana kulle a ɗaki yana jin jiniyar motocin asibiti dare da rana. Na dubi tsofaffin da ke cikin taragon da jakunkunan cefane a cinya. Wata tsohuwa da ke fuskantata, da baƙin mayafi a kafaɗa da hannaye masu jijiya, ta ɗago ta kalle ni kai tsaye, ba fara'a ba ɗaure fuska. Awa ɗaya da ta wuce na bar irin fuskar nan a jikin bango.

Albino gari ne shiru, duwatsu sun sa shi a tsakiya, kogi na bi ta gefensa. Har yanzu garin masaƙa ne, kamfanin Albini da ke saƙa yadin riguna yana nan tun 1876. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, don ya nuna mini mutumin cikin masu yadi da rini ya tashi, cikinsu kuma ya koma. Mutanen garin sun yarda da shi har suka ba shi muƙami a harkokin garin a 1571. A majami'ar San Giuliano akwai zanensa na addininsu. Na duba, na ga gwaninta, musamman sararin sama mai hadari da ya yi kama da wanda muka baro a waje, amma bai kama ni kamar hotunan mutanensa ba. Ya rasu a ƙarshen shekarun 1570, ya bar wani babban zane da yake yi wa majami'ar Gorlago bai ƙarasa ba.

Muka zaga 'yan titunan har fitilu suka kama. Ba wani abin kallo na a zo a gani, gidaje ne da shaguna, da yara masu dawowa daga wasan ƙwallo. Ɗan gwaggona ya ce, "To Yaya, ka ga abin da ka zo gani?" Na ce na gani. Ya ce shi ma yarinyar nan mai lu'ulu'u ta tsaya masa a rai, ta tuna masa da 'yarsa da ya baro a gida tana shekara huɗu.

Da na dawo Kano na sa aka wanke mini hoton telan a babbar takarda, na kai shagon babana. Babban yaronsa ne ke riƙe da shagon yanzu, shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya goge hannu a jikin riga, ya karɓa, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Fuskar ba ita ya fara dubawa ba, hannayen ya duba, sannan layin allin.

"Wannan ya san aiki," ya ce. "Dubi yadda ya kama gefen yadin. Haka Baba yake yi."

Na ce masa ina so in ɗauke shi hoto. Ya ce to bari ya aika gida a kawo masa babbar riga. Na ce, "A'a, Yaya, yadda kake ɗin nan." Ya yi jim, ya dubi tef ɗin da ke rataye a wuyansa da zaren da ya maƙale masa a hannun riga. Sannan ya koma bayan teburi, ya jawo shaddar da yake yankawa, ya ɗauki almakashi, ya ɗago kai.